Ya ce shekarunsa 35, ashe ya doshi 50. In aure shi?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ni malamar makaranta ce a jihar Kaduna, shekaruna 29, ban taɓa aure ba. Wata tara da suka wuce na haɗu da wani a Facebook, daga nan muka koma WhatsApp. Ya ce min shekarunsa 35, bai taɓa aure ba, yana aiki da wani kamfani a Abuja. Duk sanda na ce mu yi kiran bidiyo sai ya ce sabis ba kyau ko yana wurin aiki. Amma Anti, ban taɓa samun mai saurarona kamarsa ba. Lokacin da Babanmu ya kwanta a asibiti kullum sai ya kira, har kuɗin magani ya turo, daga baya ya saya min waya.

Ranar da ya fara zuwa zance na ga ba shi ne na cikin hoton ba, kama ce kawai. Ya ce tsofaffin hotuna ne, wahala ce ta sauya shi. Na so in yarda, sai na yarda. Bayan wasu mutum biyu da ya ce 'yan uwansa ne sun kawo kuɗin gaisuwa, Yayana ya tafi bincike. Ashe sunan da hotunan duk na ƙaninsa ne. Shi ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari a Kano, yana da mata da 'ya'ya shida, babbar tana jami'a. Wani dattijo a unguwarsu ya ce wa Yaya an haife shi shekarar da aka kashe Murtala.

Da na tare shi da maganar ya yi kuka, ya ce tsoro ya ji kada in guje shi, kuma son da yake min gaskiya ne. Ya ce ai ko a takardunsa shekarun ba su kai haka ba. Umma ta ce namiji ba ya tsufa, in rufa wa kaina asiri in yi aure, ga ƙannena biyu sun taso. Yaya ya rantse ba da yawunsa ba. Baba ya ce zaɓi nawa ne.

Abin da ke cina, wanda ban gaya wa kowa ba, ni ma ce masa na yi shekaruna 25. A takarduna 26 ne, don tun ina firamare aka rage min. Ina da bakin yin fushi kuwa? Kuma in aure shi ko in haƙura? Har yanzu ina sonsa.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda ya fi tsaya min a rai shi ne inda kika ce kin so ki yarda, sai kika yarda. Ba kowa ke iya faɗin haka game da kansa ba. Kada ki yi ta dukan kanki a kai. Mutumin da ya riƙa kiranki kullum kina zaune a bakin gadon mahaifinki ya shigo zuciyarki a lokacin da ba ta da mai gadi, kuma dama an ce so hana ganin laifi.

Bari in fara da tambayarki ta farko, don ita ce ta tare miki hanyar tunani a kan ta biyun. E, kina da bakin yin fushi. Kin yi ƙarya, zan dawo kanta, ba zan shafa miki zuma a baki ba. Amma ki ɗora ƙaryar nan biyu a kan sikeli. Ke kin zare shekara huɗu. Sunanki naki ne, fuskarki taki ce, gidan da ya zo zance na ubanki ne, aikin da kika ce kina yi shi kike yi. Shi kuwa, an kashe Janar Murtala a watan Fabrairun 1976, sai ki yi lissafin abin da ya zare. Ya ari suna, ya ari fuska, ya sauya gari da sana'a, ya ɓoye mace da 'ya'ya shida. Ni idan zan auna ƙarya tsakanin masu neman aure, abin da nake tambaya shi ne wace shawara ta hana ɗayan yankewa. Da ya san kina da 29, ƙila ya yi jim, amma dai macen da ya gani ita ce ke gabansa. Ke kuwa da kin san ko wane ne tun farko, da akwai tambayoyin da za ki zauna ki yi wa kanki. Ina iya zama da kishiya? Ina iya zama matar uban yarinyar da 'yan shekaru ne tsakaninmu? Zan bar aikina in koma Kano? Ƙila amsarki ta zama e, ƙila a'a. Bai bari kin yi ko ɗaya ba. Ya jira sai da so ya kama ki tukuna, don ya san wanda so ya kama ba ya lissafi da kyau.

Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya dace da ɗan kasuwa irinsa. Annabi (SAW) ya wuce ta wurin wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tarin, sai yatsunsa suka taɓo danshi. Da ya tambaya, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya ce masa me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ki lura, ba a tuhumi mutumin don hatsinsa ya jiƙe ba, ruwan sama ba aikinsa ba ne. Haka nan shekara hamsin ba laifi ba ne, mata da 'ya'ya shida arziki ne. Maza da yawa masu irin shekarunsa sun nemi ƙarin aure da sunansu da furfurarsu, an ba su, ana zaune lafiya. Laifin shi ne tura jiƙaƙƙen ƙasa. Kuma wanda ke zaune a Kwari ya fi ni da ke sanin sunan da ake kiran mai naɗe shaddar da ba ta kai ba ya ce wa mai saye Getzner ce.

Ya ce tsoro ya ji. Na yarda da shi, kuma ba na jin kukansa na munafunci ne. Mai yiwuwa ne ƙwarai yana sonki, kuɗin maganin Baba ma alheri ne da bai kamata a manta ba. Sai dai ki juya maganar tasa ki duba cikinta. Wanda ya ce ya ɓoye don kada ki guje shi, ya amsa da bakinsa ke nan cewa ya san kina iya ƙi, sai ya shirya yadda ba za ki samu damar ƙin ba. Sannan ki ƙirga ƙofofin da suka buɗe masa na faɗin gaskiya cikin wata tara. Ranar da ya fara zuwa zance kika ga fuskar ba ita ba ce, wannan babbar ƙofa ce, sai ya ɗora sabuwar ƙarya a kan tsohuwar. Ranar kawo kuɗin gaisuwa ya turo mutum biyu suka zauna a gaban mahaifinki da sunan da suka san ba nasa ba ne, ya jawo iyayenki cikin yaudarar ke nan. Ni tambayar da ta hana ni sakat ita ce, da Yaya bai je Kano ba, da wane suna za a ɗaura auren? Da liman ya ɗaga murya a gaban shaidu, sunan wa zai kira? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi kuwa har an kawo ruwan yana riƙe da zanensa. Ki riƙe wannan sosai, ƙanwata: mutumin nan bai zo ya faɗa ba, kama shi aka yi. Hawayen wanda ya tuba da na wanda aka kama kamarsu ɗaya a ido, abin da ya biyo bayansu ne ke raba su.

Maganar da ya yi ta takardu kuma, kada ta ruɗe ki. Gaskiya ne rage shekaru ya zama ruwan dare a ƙasar nan. Kakanninmu ba su da laifi, ba a rubuta musu ranar haihuwa ba, da abin da ya faru suke ƙirga, kamar yadda dattijon nan ya yi wa Yaya. Shi ya sa za ki ga mutane da yawa katinsu ya ce 1 ga Janairu aka haife su. Amma na baya da gangan suke yi. Wanda ya haura 30 kafin ya gama jami'a ba ya zuwa bautar ƙasa, sai a rage. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, sai a je kotu a yi rantsuwa a rage. Har a ƙwallo mun sha kunya, don a 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda shekarun wasu 'yan wasa sun saɓa da abin da aka rubuta a baya. Yawan masu yi bai halatta shi ba, kuma ko da takardarsa ta ce 41, ai ba takarda za ki aura ba, shi ma ya san shekarar da aka haife shi.

Wataƙila kin ji labarin Salisu Buhari, ko da yake kina ƙarama lokacin. A 1999 ya zama kakakin Majalisar Wakilai yana cewa shekarunsa 36, alhali 29 ne, a lokacin da tsarin mulki ya ce sai mai 30 zai shiga majalisar. Ya kuma ce ya yi digiri a Jami'ar Toronto ta Kanada, jami'ar ta ce ba ta san da shi ba. Da asiri ya tonu ya sauka, ya nemi gafarar 'yan ƙasa yana hawaye, daga baya Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa. Amma bai koma kan kujerar ba. Na kawo miki wannan ne don ki raba abu biyu da na ga sun cuɗe miki. Kina iya yafe wa mutumin nan har cikin zuciyarki, ki yi masa addu'ar alheri, ba tare da kin aure shi ba. Yafiyar za ta sauke miki nauyi. Auren kuwa amana ce da za ki damƙa masa ta shekaru masu yawa, ita sai ga wanda ya nuna zai riƙe.

Akwai mutum biyu da kika ambata a gurguje kika wuce, kuma su ma an zalunce su. Uwargidansa tana can tana dafa masa abinci, shi yana gaya wa wata cewa bai taɓa aure ba. Ƙarin aure halal ne, amma wanda ya iya share matar da ta haifa masa shida daga labarinsa don ya burge wata, ki tambayi kanki me zai hana ya share ki ranar da ya ga wata. Sai ƙaninsa, wanda ake yawo da sunansa da fuskarsa, ƙila bai ma sani ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta sanya sojan gona da sunan wani cikin laifuka. Ba ina cewa ku kai ƙara ba ne, ina so ki san abin ya wuce wasan samari. Zan kuma faɗa miki abin da ba za ki so ji ba: shafin da aka buɗe da sunan wani, ba kasafai ake buɗe shi don mace ɗaya ba.

Umma kuwa, kada ki ji haushinta. Ita ke jin habaicin da ake yi a gidan biki da gidan suna, ita ake tambaya yaushe za a sha naki. Tsoronta na gaskiya ne. Ki zauna da ita ku biyu, ki ce mata ba tsufansa kika ƙi ba, kin yarda namiji ba ya tsufa, abin da ya tsaya miki shi ne ya zo gidan Baba da sunan da ba nasa ba. Ki tuna mata cewa auren da aka yi don rufin asiri, in ya mutu bayan shekara ɗaya ya bar ki da goyo, asirin da ake gudu ya fi tonuwa. Ƙannenki in sun samu miji a aurar da su, babu inda addini ya ce sai babba ta riga. A ruwayar da ta shahara, Nana Khadija tana da shekara 40 ta auri Annabi (SAW) yana da 25. Yaya kuma ki gode masa, ya yi aikin da ake so ɗan uwa ya yi. Dattijon da ya faɗa masa gaskiya ma bai yi gulma ba, don lokacin da Fatima bint Ƙais ta nemi shawarar Annabi a kan manemanta biyu, a fili ya gaya mata aibin kowannensu. Abu ɗaya za ki roƙi Yaya: kada ya watsa mutumin nan a Facebook ko ya je ya yi masa tonon silili a kasuwa. Akwai yarinya a jami'a da ƙannenta biyar da ba su ci ba, ba su sha ba.

Yanzu ga taki. Abin da aka rubuta miki kina firamare ba ke kika rubuta ba, ba ki da alhakinsa. Amma 25 ɗin da kika faɗa, da bakinki kika faɗa, kuma na san dalili. Tsoro ɗaya ne da nasa, tsoron kada a ce kin kwana biyu a gida. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani, to ke kin waiwayi naki, saura ki sauka daga kansa. Ki gaya masa shekarunki na gaskiya, a gaban Yaya, da kalma kaɗan, ko za ki aure shi ko ba za ki aure shi ba. In ya yi wuf ya ce ashe kun yi kunnen doki, sai a manta da komai, to kin ga yadda yake lissafi, kada ki yarda. In kuma ya yi fushi ya ce kin yaudare shi, wannan ma amsa ce. Batun takardu ki ware shi daban, kada ki haɗa shi da wannan rikicin. Hukumar katin ɗan ƙasa tana da hanyar gyara ranar haihuwa, sai dai gyara takarda ɗaya a bar ta jarabawa da ta banki yakan jawo wata matsalar, don haka ki nemi shawarar lauya kafin ki taɓa komai. Amma daga yau duk wanda ya zo da maganar aure, 29 za ki ce masa, kanki a ɗage.

In kin tambaye ni ra'ayina, a yadda abubuwa suke yau ba zan ba ki shawarar aurensa ba. Mutumin da kika kamu da sonsa, saurayi mai 35 da ke aiki a Abuja, babu shi. Wanda ke akwai ba ki san shi ba tukuna, muryarsa kawai kika sani da kirkinsa a waya. Kuɗin gaisuwa ba ɗaurin aure ba ne, babu igiyar kowa a kanki. In kin zaɓi rabuwa, manya su mayar masa da kuɗinsa, ke ki mayar da wayar. Kuɗin maganin ma Yaya ya yi masa godiya ya ce za a biya ko da kaɗan-kaɗan ne, don kada nauyin alheri ya ɗaure ki. Ki nemi ya goge hotunanki, ke kuma ki adana hirarrakinku a wuri mai aminci ko da wata rana za a buƙata, sannan ki rufe lambarsa. Za ki yi kuka na wani lokaci, musamman da daddare a sa'ar da kuka saba hira. Ki cika sa'ar nan da wani abu, ko karatun Alƙur'ani ko hira da ƙannenki.

In kuwa zuciyarki ta ƙi saki, ban ce ƙofar ta rufe ruf ba, amma a koma farko. Ya zo da sunansa na yanka, da kawunnansa na gaske waɗanda Yaya zai iya zuwa gidajensu. Ya gaya wa uwargidansa da bakinsa, ya nemi gafarar ƙaninsa, ya rufe shafin nan a gaban Yaya. A yi magana a fili a kan inda za ki zauna da makomar aikinki, a kuma yi gwajin lafiya a asibitin da ku kuka zaɓa. A tsawon lokacin a daina hirar dare, komai ya bi ta hannun Yaya. Ke kuma ki yi lissafin da aka hana ki yi: ranar da kika kai 45 shi ya haura 60, 'ya'yanki suna sakandare, gida mai 'ya'ya da yawa. Mata da dama sun zaɓi haka da idonsu a buɗe kuma sun ji daɗi, ke ma kina iya zaɓa. Wanda ya yi nadama da gaske zai yi waɗannan abubuwan ko da suna da ɗaci. Wanda ya fara cewa a bar uwargida sai bayan ɗaurin aure, ko a gaggauta sa rana kafin magana ta bazu, ya koma tura jiƙaƙƙen ƙasa.

Ki yi istihara, amma kada ki zauna jiran mafarki, ki duba yadda al'amuran ke sauƙaƙa ko cijewa. Ki fara da Baba, tunda shi ya ce zaɓi naki ne. Ki same shi lokacin da yake shi kaɗai, ki roƙe shi ya aika a ce a dakata da maganar wata biyu. Sannan ki rubuto min ki gaya min abin da mutumin ya ce ranar da Yaya ya nemi ya zo da kawunsa. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ƙanwata.